Kallon Mutumin Maga

Pumpumre, Garwa
Yuni 2019

Zuwa ga bawana Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Fati da 'yar jaririya Hindu. Mu nan lafiya lau, sai zafin Garwa da ka sani, wanda ruwan fari bai rage masa komai ba.

Na san za ka yi dariya ka ce Mairamu ta koma zamanin da, tana ba direban ajans, motar fasinja, takarda alhali wayarta na ƙulle a bakin zani. To yi dariyarka. Duk sanda na kira ka, da na ambaci Goggo sai ka ce injin ban ruwa ya tsaya ana nemanka, ka latse ni. Takarda ba ta da wurin latsawa. Kuma ka san gidan nan, maganar da aka yi a waya takan riga mai ita isa zaure.

Ba tsokana ce ta kawo ni yau ba, ko da yake ina da ita a ajiye, don ni 'yar namiji ce kai ɗan mace, babu ranar 'yancinka. Maganar idon Goggo ce, mahaifiyarka. Na raka ta wurin likitar ido, wata Madam Simone, mace mai haƙuri. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana gani, amma kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, kuma hudar kullum ƙara tsukewa take yi. Maganin ɗigawa zai ja lokaci ne kawai, ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, sannan ta tambaye ni ko na tuna da sayen kuɓewa.

Wayar da ka aiko mata da azumin bara tana nan, ba ta taɓa barin ta mutu ba. Ko wuta aka ɗauke sai ta sa na kai ta shagon Eugène mai caji. Lambarka ma ba da sunanka take ba, sunan garin da kake, Maga, ta sa aka rubuta, don ko a rubuce ba ta yarda sunan ɗan farinta ya zauna a tafin hannunta ba. Amma tun kafin azumin bana Maga bai sake fitowa a fuskar wayar ba. Ba ta ce komai ba, ka san ba za ta ce ba. Ni dai ina ganin yadda hannunta ke rawa idan wayar ta yi ƙara, sai ta ji muryar ƙaninka Bilya daga Duwala sannan take sakin jiki.

Ka kira ta, Halliru, irin kiran da ake ganin fuska. Ban roƙe ka ba, umarni ne daga uwargijiya. Ba zan daina rubuto maka ba sai ka yi, kuma direban ya ce ya san ƙofar gidanka.

Taka,
Mairamu

*

Maga
Yuli 2019

Zuwa ga Mairamu, mai bawan da ba ta taɓa ciyarwa ba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Hindu ta yi zazzaɓin haƙori amma ta warware, Fati tana gaishe ki. Ana ta dashen shinkafa, injinan ban ruwa kuwa kamar sun haɗa baki, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Ba ƙarya nake miki duka ba idan na ce ana nemana.

Labarin idon Inna ya tsaya mini a ƙirji. Amma ke da kanki kin ba ni amsa a takardarki: hannunta na rawa don tsoron kada ni ne, sai ta ji Bilya ne hankalinta yake kwanciya. To me zai sa in riƙa tsoratar da tsohuwa marar lafiya?

Kada ki karanta mini kunyar ɗan fari, a cikinta na girma. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kaka. Na san ba za ta kira sunana ba, na san ba za ta haɗa ido da ni ba, mu da muka tashi a tsakiyar Fulani ma abin ninkawa ya yi. Ranar da Baba ya rasu, duk mahautan kasuwa, abokan sana'arsa, sun riƙe hannuna, ita ko inda nake ba ta duba ba, kuma ban ji haushi ba. Abin da na ɗauka shi ne, idan na yi nisa, ga waya a tsakani, ba idon jama'a, abin zai ɗan sassauta. Shi ya sa na sayi wayar.

Kin san abin da nake gani idan na kira? Duhu. Tana ɗauka, kafin in gama sallama fuskar wayata ta yi baƙi ƙirin. Kife ta take yi a kan tabarma, na tabbata. Sai in zauna bayan magariba, a gajiye, ina yi wa duhu bayanin lafiyar iyalina, daga can ina jin ta tana ce miki, a ce wa mutumin Maga an gode. Bilya kuwa ya taɓa turo mini hoton hirarsu, ga Inna tana dariya har ana ganin wushiryarta. Shekaruna sun haura arba'in, a hoton ƙanina na fara sanin mahaifiyata na da wushirya.

Fati 'yar ƙabilar Musgum ce, uwarta a gaban kowa take kiran sunanta ta rungume ta. Wata rana kafin azumi ta ga ina magana da baƙin gilashi, ta jira na gama, ta tambaye ni a hankali wane laifi na yi wa mahaifiyata. Na yi mata bayanin al'ada, ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta yarda ba. Gaskiya ni ma a ranar ban gama yarda ba, kuma daga ranar ban sake kira ba.

Tunda idon ne ke tafiya, ba waya ce maganin ba. Zan zo da ƙafata da sallar layya, in durƙusa a gabanta. In za ta dube ni, ta dube ni a nan.

Naki,
Halliru

*

Maga
Agusta 2019

Mairamu,

Na iso gida lafiya, ki gode wa kowa. Ba sai na ba ki labari ba, kina tsaye aka yi komai. Na durƙusa a bakin ƙofarta da buhun shinkafa da bandar kifin tafki, ta juya fuskarta bango, ta ce miki a tambayi baƙo ya hanya. Duk kwanakin da na yi, abin da na gani na mahaifiyata shi ne bayan ɗankwalinta. Da zan tafi na daɗe a durƙushe, na ce ko sau ɗaya za ta waiwayo, tunda ta san abin da likita ta faɗa. Ba ta waiwayo ba.

Ban yi fushi ba, na haƙura ne. Maganinta ba zai yanke ba in dai ina raye, duk abin da ake bukata ki gaya wa Fati. Amma maganar kira ki bar ta, kuma don Allah kada ki sake rubuto mini a kanta.

Halliru

*

Pumpumre, Garwa
Satumba 2019

Zuwa ga Halliru mai taurin kai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Goggo na nan da sauƙin jiki, idon ne dai sai a hankali, yanzu sai ta lalubi bakin randa kafin ta ɗebi ruwa. Ka ce kada in sake rubutowa. Yaushe bawa ya fara kafa wa uwargijiyarsa doka? Zauna ka karanta, don abin da na gani da idona zan gaya maka.

Da farko, ka karkatar mini da magana. Ban ce tana tsoron kiranka ba. Rawar hannun ta ɗoki ce, sakin jikin kuma na wanda ya sa rai bai samu ba ne. Amma wannan ma bar shi, ga babba.

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi ina yi wa Goggo kitso a tsakar gida, ina zaune a kan turmi tana ƙasa a gabana, sai Fati ta kira don ta nuna mata Hindu ta fara tsayuwa. Goggo ta riƙe wayar tana wa yarinyar wasa, Fati na ganin ta tana ganin Fati, ba wani duhu. Can sai ga ka ka shigo daga aiki, ba ka ma san da wa ake magana ba, ka sunkuya ka ɗauki Hindu. Kafin ƙiftawar ido babban yatsan Goggo ya hau kan ɗan ramin nan na saman waya, wanda Bilya ya taɓa gaya mata cewa ta nan ake ganin mutum. Ta danne shi. Ba ta kife wayar ba, Halliru. Ɗaga ta ta yi, ta kawo ta dab da idonta na dama, har hancinta na taɓa gilashin.

Ni ina bayanta, tsinken kitso a hannuna, ina kallo. Da yake idon ba ya ɗaukar fuska gaba ɗaya, sai ta riƙa jan wayar a hankali, ta fara daga goshinka, ta sauko kan idanu, ta zo gemu, ta sake komawa sama. Ko numfashin kirki ba ta yi. Fati na ta cewa alo, alo, rezo, wato sabis ɗin waya, ya tafi, kai kuma ka ce mata ta kashe kawai, ka san wannan duhun. Da aka kashe, Goggo ta daɗe riƙe da wayar. Sannan ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba: "Furfura ta fito masa a gemu. Ta gefen hagu ta fara, kamar mai gidan nan."

Ban san sanda hawaye ya ɗiga a kan kitson ba. Ta ce mini in kula, ina jiƙa mata kai.

Ka gane yanzu? Tun ranar da ta haife ka ba a ba ta damar ta ƙare maka kallo ba. A gaban mutane kunya, a gabanka kunya ta fi. Wayar nan ce ta fara ba ta inda za ta dube ka ba tare da ka ga tana dubanka ba. Duk daren da ka zauna kana yi wa duhu bayani, tana nan manne da fuskarka. Da ka zo da ƙafarka kuwa, ka toshe mata hanyar da kanka, don ba yatsan da zai rufe mutum a bakin ƙofa. Ni ma da nake gidan ban lura ba sai da kitso ya ajiye ni a bayanta, don kullum ɗaki take shigewa da wayar, daga can take ɗago murya ta ba ni saƙo.

Ga abin da za ka yi. Ka kira da rana, ba bayan magariba ba, don idon ba ya aiki sosai a duhu. Ka fuskanci haske. Ka cire hular nan taka mai baki, ka daina yawo da wayar kamar mai korar kaji. Kuma ko da wasa kada ka nuna ka sani, in ta gane an gane ba za ta sake ɗauka ba. Madam Simone ta ce ba ta ba idon tabbacin kaiwa wani azumin ba.

Taka,
Mairamu

*

Pumpumre, Garwa
Oktoba 2019

Halliru,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Wata ya wuce, ba kira ba amsa. Na kira ka ba ka ɗauka, wayar Fati kuma ba ta shiga. Mun ji ruwa ya ci hanyarku, na yi maka uzuri da wannan har uzurin ya ƙare, don direban ya rantse mini ya sa takardar a hannunka kafin ruwan.

Jiya Goggo ta zuba gishiri a koko. Ta yi dariya, mu ma muka taya ta, amma ni na shiga ɗaki na zauna. Wayar na nan cike da caji a ƙarƙashin matashinta.

In ba ka karanta waccan takardar ba, ka karanta. In ka karanta ka yi shiru, to ka saurare ni: ranar da hanya ta buɗe zan rufe keken ɗinkina in hau mota, ko a kwalekwale ne sai na iso Maga, in riƙe maka wayar a gaban fuska da hannuna. Ka san ni, ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Mairamu

*

Maga
Nuwamba 2019

Zuwa ga uwargijiyata Mairamu,

Wa alaikumus salam. Yau na rubuta uwargijiya ba da wasa ba. Muna lafiya. Ruwa ya shiga unguwarmu, mun kwashe kaya mun koma gidan iyayen Fati, wayarta ma a ruwan ta mutu, amma ba a rasa rai a gidanmu ba, alhamdu lillahi.

Direba bai yi ƙarya ba. Takardar ta zo, na gane rubutunki, na cusa ta a aljihun rigar aiki ban buɗe ba. Da ta biyu ta iso bayan ruwa ya janye, Fati ce ta karɓa, ta je ta lalubo ta farkon duk ta yi laushi da danshi, ta tsaya a kaina ta ce ba za ta ɗora tukunya ba sai na karanta. Na karanta a tsaye. Da na kai wurin furfurar sai na zauna.

Washegari da rana tsaka na hau kan madatsar tafki, inda rezo ya fi ƙarfi, na cire hula, na fuskanci rana kamar yadda kika ce. Ta ɗauka, na yi sallama, fuskar wayar ta rufe. Amma Mairamu, ba baƙi ba ne. Da can da dare nake kira shi ya sa. Da rana ja ne, ja mai duhu, hasken tsakar gidanmu ne ke ratsa yatsanta da lallen da ke kansa. Har motsinsa ina gani kaɗan-kaɗan. Duk wannan lokacin yatsan mahaifiyata nake kallo ina kiran sa tabarma.

Ban nuna komai ba. Na ba ta labarin ruwa, da shinkafar da ta nutse da wadda ta tsira, da dorinar da ta hana masunta fita. Na riƙe wayar cak har kafaɗata ta yi tsami. Na ɗan juya gefen hagu don ta ga furfurar da kyau. Masu wucewa da kekuna suna ta kallona, mutum tsaye a rana ba hula yana murmushi shi kaɗai, wani har ya tambaye ni da Fulatanci ko lafiya. A ƙarshe na ji ta ce miki a ce wa mutumin Maga rana ta yi yawa, ya nemi inuwa. Ta yaya ta san a rana nake in ba kallo take ba? Na sauko daga madatsar ina share fuska da hula.

Kullum bayan azahar zan kira, ko injin ya tsaya ko ya tashi, na riga na gaya wa shugabanmu. Ki tabbata wayar na kusa da ita. Keken ɗinkinki kuma ki bar shi a buɗe, ba sai kin hau kwalekwale ba.

Naki,
Halliru

*

Maga
Maris 2020

Zuwa ga Mairamu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Hindu na gudu yanzu, ba abin da ta bari a inda aka ajiye shi. Na ji saƙonki ta bakin Fati cewa Madam Simone ta ce a daina wahalar da Inna da zuwa asibiti, idon ya rufe. Na riga na zarga, don kwanan nan jan da nake gani ba ya motsi sama da ƙasa kamar da. Allah ya sa kaffara ne. Watannin nan da muka samu, ke kika ƙwato mana su, ba zan iya biyan ki ba, don haka na ci gaba da zama bawa.

Kina wurin ranar Talata, amma ta bayanta kike, bari in gaya miki yadda abin ya kasance ta nan. Na hau madatsa kamar kullum, don na ƙudura ko ba ta gani ba zan fasa ba. Na yi sallama, jan ya rufe, na fara ba ta labarin girbi. Ina cikin magana sai jan ya zame gefe. Na ɗauka kuskure ne, na tsaya ina jira ta mayar. Ba ta mayar ba. Sai ga fuskarta, tana fuskantata sosai, ido biyu a buɗe. Ga zanen da ke kumatunta, ga wata 'yar tawadar Allah a ƙasan leɓe da ban taɓa sanin da ita ba, irin ta Hindu sak.

Sannan na ji ta ce miki, da muryar nan tata ta aika saƙo: "Gaya wa mutumin Maga, ni na gama nawa kallon. Shi ma ya yi nasa."

Ashe ta san mun sani. Na tsaya ina kallo har cajin wayata ya ƙare. Da na koma gida na ce wa Fati gobe ta biyo ni kan madatsa, ta zo ta ga laifin da na yi wa mahaifiyata.

Roƙo ɗaya nake da shi. Tunda ba ta gani, wayar na karkace mata a hannu, jiya kunnenta da bangon ɗaki kawai na samu. Idan na kira bayan azahar, ki ajiye ɗinkin ki zo ki daidaita mata hannun. Kuma in da hali ki ɗan tsokane ta, ke da ba ki rasa abin faɗa. Wushiryar nan har yanzu a hoton Bilya kawai na san ta, ina so in gani da idona.

Bawanki,
Halliru